Zumunta A Ƙafa Take: Tafiyar Gurgu Daga Ƙasar Yawuri Zuwa Filin Ƙwallo



Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, watau ba a san mai ƙaunarka ba sai ya tako ya zo inda kake. Abin da wannan lacca za ta bincika shi ne matsayin wanda ƙafar ba ta ɗaukarsa, alhali yana son ya je inda jama'a suka taru. Na zaɓi filin ƙwallo ne domin a zamanin nan, in aka ɗebe masallacin Idi da kasuwa, da wuya a sami wurin da yake tara attajiri da talaka, da birni da ƙauye, kamarsa. Wanda aka hana shi isa wurin kuwa an rage masa wani kaso na zamansa ɗan gari.

Kalmar Da Al'ada

Hausa ba ta ɓoye gurgu ba. Ta ba shi suna, ta kuma ba shi sarauta, gama a manyan garuruwanmu akwai Sarkin Guragu kamar yadda ake da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare. Amma al'adar da ta karrama shi da rawani ita ce kuma ta zaunar da shi a bakin masallaci da bakin tasha, ta saba da ganinsa yana miƙa hannu. Saboda haka idan ɗan kamasho ya hango keken guragu ya nufo tasha, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne mai bara, ba ya tsammanin fasinja ne mai kuɗin mota a aljihu. Yau muna cewa "naƙasassu" ko "masu buƙata ta musamman". Sauya sunan yana da kyau, sai dai bai rage tsawon matakalar mota ko da taƙi ɗaya ba.

Guragun nan kuwa ba baƙin wasa ba ne. Yawancinsu cutar shan-inna ce ta kama su da ƙuruciya, kafin a tabbatar a shekarar 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayarta daga Afirka. Daga cikinsu ne Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, ya ƙago ƙwallon guragu a 1988, wadda ake bugawa da hannu bisa katako mai tayoyi. A wasannin Riyo na ƙasar Barazil a 2016, 'yan wasanmu masu lafiyar gaɓoɓi lambar tagulla ɗaya tak suka kawo gida, naƙasassunmu kuwa suka dawo da lambobi 12, takwas daga ciki na zinariya.

Zangon Tafiya

Mu ƙaddara wani saurayi gurgu yana zaune a ɗaya daga ƙauyukan bakin tafkin Kainji, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, ya ji labarin za a yi babban wasa a filin Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi. Bari mu bi shi zango-zango.

Zango na farko ruwa ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci gungaye da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane kimanin 44,000 zuwa sababbin matsugunai, kuma har yau kwalekwale shi ne motar mutanen gaɓa da yawa. Tafkin yana cika yana ja da baya kowace shekara, don haka mashiga ba ta zama wuri ɗaya, tsakanin tudu da jirgi kuwa sai taɓo da yashi waɗanda tayar keke ba ta ratsawa. Dole a ɗauke shi cak, a ɗauko kekensa daban. In an shiga kuma, ba mu manta da abin da ya faru kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba, lokacin da jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse, mafi yawansu ba su tsira ba. Lodin da ya wuce kima haɗari ne ga kowa, amma ya fi tsanani ga wanda ba ya iya iyo da ƙafa.

Zango na biyu kabu-kabu ne, daga gaɓa zuwa babbar hanyar da ta taso daga Kwantagora ta bi ta Birnin Yawuri zuwa Yelwa. Babur ɗaya ba ya ɗaukar mutum da kekensa cikin aminci, sai a ɗauki biyu, kuɗi ya ninka tun ba a je ko'ina ba.

Zango na uku shi ne tashar mota a Yelwa. Ƙaramar motar haya takan ɗauki mutum biyu a gaba, huɗu a baya, bayanta kuma cike da buhunan albasa da kwandunan busasshen kifi. Nan za a ce keke kaya ne, sai an biya masa lada. Jama'a, wannan ita ce ƙusar maganar. Keken gurgu ƙafarsa ce, ba mu kuwa taɓa jin an caji fasinja kuɗin ƙafafunsa ba. Daga nan tafiya ce ta kimanin kilomita 200, ta Koko da Jega, yana takure, yana ƙin shan ruwa don ya san in fitsari ya matsa shi a hanya babu mai sauke shi cikin mutunci.

Zango na huɗu, ya sauka Birnin Kebbi, keke-napep ya kai shi ƙofar fili. Tambayoyin da ya kamata a yi wa kowane filin wasa a ƙasar nan su ne: shin ƙofa tana da faɗin da keke zai wuce? Shin akwai gangare ko kuwa sai matakala? In 'yan kallo sun miƙe tsaye don murnar cin ƙwallo, shi me zai gani? In tarzoma ta tashi aka watsa barkonon tsohuwa, ta ina zai fita?

Zango na biyar, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne komawa. Wasan da aka fara da ƙarfe huɗu ba ya tashi sai dab da magariba. Tun harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, babu mai buƙatar a gaya masa abin da yake sa mutane ɗari-ɗari da tafiyar dare. Sai ya kwana, ga kuɗin masauki, ga matakalar masaukin.

Abin lura a nan shi ne, tafiyar kamar igiyar guga take, duk inda ta tsinke guga ya faɗa rijiya. Ko an gina fili mai kyan gaske, in direba a Yelwa ya ce ba ya ɗauka, ginin bai amfane shi da kome ba. Shi ya sa saurayinmu yakan haƙura, ya tafi gidan kallon ƙwallo na unguwa, ya san 'yan wasan Ingila da Sifen ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa ganin na jiharsa ido da ido ba.

Abin Da Doka Ta Ce

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta wajabta wa gine-ginen jama'a da motocin haya su tanadi hanyar shigar naƙasassu, ta ce a ba su gaba a layi, ta yanka tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna bambanci, da Naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta ba da wa'adin shekara biyar a yi gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ma'aikatan da ke zauren nan su lura da kyau: jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a wanda bai cika ƙa'idar ba, shi ma dokar ta tanadar masa tara ko ɗauri. Ashe maganar ta tashi daga babin sadaka ta koma babin haƙƙi.

Shawarwari

Ba sai mun jira irin motocin birnin Landan masu sauko da gangare da kansu ba. Na farko, shugabannin ƙungiyar direbobi a Yelwa da Wara da Shanga su yanke cewa ba a karɓar ladan keken gurgu, kujerar gaba kuma tasa ce. Na biyu, ƙananan hukumomi su shimfiɗa dakalin siminti mai gangarawa cikin ruwa a manyan mashigai, wanda zai yi aiki da cikar tafki da janyewarsa, a kuma tanadi rigunan ruwa. Tsofaffi da masu juna biyu da masu ɗaukar kaya duk za su amfana. Na uku, a filayen wasa a yi gangare bisa ma'aunin da aka sani a duniya, watau tsayin taku ɗaya ga tsawon taku 12, da wurin zama mai inuwa kusa da mafita, da makewayi mai faɗin ƙofa. A fara da filayen da ke nan ƙasar Yawuri, inda ake gasar unguwanni da ta makarantu, tun da su ne kusa. Na huɗu, kada a zana ko ɗaya daga cikin waɗannan sai an zauna da Sarkin Guragu da ƙungiyoyinsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kammalawa

Ɗalibai, gobe ku ne injiniyoyi da sakatarorin ƙananan hukumomi, takardun gini da na tasha ta teburinku za su bi. Kafin ku sa hannu, ku tuna lafiya aro ce: haɗarin babur ɗaya, ko hawan jini, ko tsufa kawai, ya isa ya mai da kowanenmu mai neman gangaren da ya ƙi ginawa.