Gidajenmu na Ƙauye da Asusun Zumuntar Matasa



Da yawa cikinmu nan Hotoro, da gumin aikin kamfani a Bompai, Sharada da Challawa muka gina gidaje a Kagoro, Zonkwa ko Pankshin. Amma sai Kirsimeti ake buɗe su. Sauran watanni gara da ɓeraye ne masu gida.

Ga Zumuntar Matasa tana neman kuɗin kayan kiɗa, kamfanoni da dama sun rufe, ba kuwa kullum za a roƙi baiko ba. Shawarata: mai gida ya ba zumunta aron gidansa na mako biyu. Mai zuwa biki ko hutu ya sauka can, kuɗin masauki ya shiga asusu. Wanda ya taɓa zuwa Miango ya san mutane na biya don sanyin Filato kawai.

Sai dai a kiyaye. Gidan gado kada a sa shi sai dangi sun yarda, gama zumunci yakan watse kan abin da bai kai wannan ba. Kuɗi hannun ma'aji, da rasit. In baƙo ya yi ɓarna, a rubuta tun farko wa zai biya.

Masu niyya su ga sakatare bayan sujada.