AMSOSHIN WASIƘUNKU: MAUKIBIN KADIRIYYA NA KANO

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga garin Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, daga wani manomi mai taɓa fataucin albasa da rani. Ga abin da ya ce: "Don Allah a ba ni tarihin Maukibin da ake yi a Kano kowace shekara. Wa ya fara shi, kuma don wa ake yi? Akwai wasu al'ummomi masu irin wannan biki? Ina da niyyar zuwa, amma abokaina na majalisa sun rabu biyu a kan maganar."

To malam, mun gode, Allah ya saka da alheri. Kalmar maukibi dai Larabci ce, ma'anarta jerin gwano. Ana yinsa ne don tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ɗariƙar Kadiriyya ta samo sunanta daga gare shi. An haife shi a yankin Jilan, cikin ƙasar Iran ta yanzu, ya yi karatu a Bagadaza, ya karantar, ya yi wa'azi, ya kuma rasu a can a shekarar 1166, wato 561 bayan Hijira. Kabarinsa yana Bagadaza, ana ziyartarsa har gobe.

Ku mutanen ƙasar Sakkwato wannan suna ba baƙo ba ne a gare ku. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, Baƙadire ne, shi ya sa ma ake kiran jama'arsa Kadirawa. Ɗansa Muhammadu Buhari kuwa a nan Tambuwal ya zauna yana tsaron wannan yanki. Ka ga ashe abin na gida ne.

Amma shi jerin gwanon na Kano, marigayi Shehu Nasiru Kabara ne ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1950. Da ya rasu a 1996, ɗansa Shehu Ƙaribullahi ya gaje shi, aka ci gaba. Ana yi ne a watan Rabi'us Sani. A ranar, sai muridai su taru a Gidan Kadiriyya da ke unguwar Kabara, kusa da gidan Sarki, kowace zawiya da tutarta, ɗaliban Islamiyya da kayan makarantarsu, ana buga bandiri ana zikiri. Daga nan a ɗunguma a ƙasa zuwa maƙabartar Wali Mai Giginya, a yi wa bayin Allah da ke kwance a can addu'a, a saurari jawabin shugaban ɗariƙa. Baƙi kan zo daga jihohi da dama, har da Nijar.

Sai tambayarka ta biyu. E, akwai. Mu ɗauki tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, wanda Musulmi suka taɓa mulka fiye da shekara 200, tun daga 827. Mutanensa a yau Kiristoci ne 'yan Katolika, kuma kusan kowane ƙauye yana da waliyyinsa da suke yi wa biki sau ɗaya a shekara. A birnin Kataniya, daga 3 zuwa 5 ga Fabrairu, sukan fito da fararen riguna don tunawa da wata mata mai suna Agata, wadda aka kashe saboda addininta a shekarar 251. A Falermo kuwa, tsakiyar Yuli ake bikin Rozaliya, wadda suka yi imani da albarkarta annobar da ta faɗa wa birnin a 1624 ta kau. 'Yan ƙauyen da suka tafi neman kuɗi Jamus ko Amurka sukan komo gida don ranar, kasuwa ta ci dare da rana. Inda muka yi kama da su shi ne taron zumunci da raya sunan mutumin kirki. Inda muka bambanta kuwa, su sukan ɗauki mutum-mutumin waliyyin su zaga gari da shi, abin da Musulunci bai yarda da shi ba, kuma ba a yinsa a Maukibi.

Yanzu maganar abokanka. Gaskiya malamai sun saɓa. Malaman ɗariƙu suna ganin tuna bayin Allah da ziyarar kaburbura abu ne mai lada. Malaman Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, suna ganin keɓe rana irin wannan bidi'a ce. Mu a nan ba masu fatawa ba ne. Ka je wurin malamin da ka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka ji hujja. Abin da za mu roƙe ku shi ne kada wannan ya raba majalisarku. Wanda kuke gayya tare, kuke binne mamatanku tare, bai kamata ku daina gaisawa ba don ɗaya ya je Kano ɗaya ya zauna gida.

In ka yanke shawarar tafiya, ga abu biyu. Na farko, bikin yana bin watan Musulunci ne, wanda ke ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 Rabi'us Sani ya kama ne a ƙarshen Satumba, don haka a shekarun da ke biye cikin damina zai riƙa shiga. Kada ka bar gero a gona tsuntsu na ci, kada kuma ka sayar da abincin iyali don kuɗin mota. Na biyu, saboda matsalar 'yan bindiga a hanyoyin Zamfara, ku yi tafiya da rana, cikin ayari, ku shiga mota a tasha.

Da fatan mun amsa maka. A gai da mutanen Jabo da na Kebbe baki ɗaya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.