Darasin da ke Cikin Kofin Shayi



Kowace shekara muna koyar da yadda zafi da abin da aka narkar cikin ruwa ke sauya halin ruwan. Yara sukan haddace, su rubuta a jarrabawa, su manta. Mu kuma mu ɗora laifin a kan rashin ɗakin gwaje-gwaje. Koken gaskiya ne, kuma ba za mu daina kai shi gaba ba. Sai dai kayan aikin wannan darasi suna cikin madafar kowane gida.

Mu fara da mai shayi, wanda ya san sukari ya fi narkewa a ruwan zafi. Giram 100 na ruwa, a zafin digiri 20, yana narkar da sukari kimanin giram 200. Idan ya tafasa, sai ya haura giram 480. Gishiri kuwa bai damu da zafi ba: daga giram 36 zuwa 39 kawai yake matsawa. Iska kuma akasin haka take. Lemon kwalba mai ɗumi ya fi mai sanyi saurin tumfaye da sakin iskarsa, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa kifi ɗagowa saman tafki da zafin bazara, domin iskar shaƙa ta ragu a ruwan.

Shi ma abin da aka narkar yana sauya ruwan. Zallan ruwa yana daskarewa a sifili, amma ruwan teku, mai gishiri kimanin giram 35 a lita, sai ya sauka kusan digiri 2 ƙasa da sifili. A gidajenmu akan ce gishiri na gaggauta tafasar tukunya. Gaskiyar ita ce ɗaga matakin tafasa yake yi, ko da yake kaɗan ne: giram 58 a lita ɗaya kan ƙara kusan digiri 1. Masanin Faransa Raoult ya nuna a shekarun 1880 cewa yawan ƙwayoyin da suka narke shi ne mai tasiri, ba irinsu ba.

'Yan uwa, ga inda batun ya shafi rai. Idan muka barbaɗa gishiri a yankakken tumatir, sai ruwa ya tsatso, saboda ruwa yana bin ɓangaren da narkakken abu ya fi yawa. Haka yake a cikin hanjin yaro mai gudawa. Ma'aunin ruwan gishiri da sukari na gida shi ne lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, shafaffen ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin cokali na gishiri. Wanda ya ƙara hannu da niyyar ƙarfafa magani, ruwan jikin yaron zai jawo zuwa hanji, gudawar ta tsananta. Ɗalibar da ke zaune a ajinmu yau, wataƙila ita za a sa ta haɗa wa ƙaninta cikin dare.

Saboda haka roƙonmu ɗaya ne. A zangon da ke tafe, kowannenmu ya shiga aji da kofi biyu, da cokali, da gishiri, da sukari, da ruwan zafi a fulas. Mu bar yara su auna, su dama, su ƙirga cokulan da hannunsu. Gani ya kori ji.