Jawabi ga direbobi: in famfon kuloci ya riƙa lalacewa



Yau zancenmu kan kuloci ne, wanda wasu ke kira ambirayaj. A motoci irin Peugeot 504 da Land Rover, mai ne ke tura shi. In ka taka, famfon sama ya tura mai cikin tiyo zuwa famfon ƙasa. Shi kuma ya raba inji da giya.

Wani sai ya canza famfon ƙasa sau uku, bai daina yoyo ba. Ya taka, ƙafa ta nutse, giya ta ƙi shiga. Ga mara lafiya a baya, ga likita da nisa. Canza famfo kaɗai bai isa ba. A nemi dalili.

Na ɗaya, irin mai. Man burki kaɗai ake zubawa, DOT 3 ko DOT 4. Man inji yana kumbura roba, ya kashe ta.

Na biyu, tsohon mai. Yana shan laima daga iska, ya kawo tsatsa. Tsatsa ta ci cikin famfo, ta yage sabuwar roba. A sake mai kowace shekara 2.

Na uku, ƙura. In robar bakin famfo ta tsage, rairayi zai shiga.

Na huɗu, famfon sama. In ya tsufa, dattinsa na gangarawa ƙasa. A canza su tare, a wanke tiyo, a fidda iska.

Kowace safiya ku duba mai kafin ku tashi. Allah shi kiyaye hanya.