Neman Koyarwa Tun Kundi Bai Kammala Ba

Yau daga nan Potiskum zan yi magana da ɗalibanmu masu karatun digirin digirgir a Maiduguri, Kano da Zariya, waɗanda suke cewa sai sun kare kundinsu gaban malamai sannan su fara neman aikin koyarwa. Wannan jira yana damuna ƙwarai.

Jami'a kan buga tallar guraben aiki a jarida, ta ba da makonni shida, ta rufe. A cikinsu ake son takardar tarihin karatu da aiki, shaidar bautar ƙasa, da wasiƙun mutum uku da suka san ka. Farfesan da bai ji muryarka ba tun bara, ba zai rubuto maka wasiƙa cikin kwana uku ba. Maƙala kuwa, wadda za ka sa a takardar tarihinka, takan shafe watanni a hannun masu tantancewa kafin mujalla ta buga ta. Don haka babin da ka gama yau, a daren nan ka zauna da fitilar caji ka fara sassaƙa maƙala daga cikinsa.

Wuraren neman aikin suna kusa: Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a garin nan, Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013. Ka je taron ƙara wa juna sani a can, ka gabatar, su san fuskarka.

Wanda kuma hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund ta ɗauki nauyin karatunsa, ya sake karanta yarjejeniyar da ya sa wa hannu, domin akwai shekarun da zai koma ya yi wa makarantarsa aiki.