Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Karatun Yaranmu A Ƙasashen Waje



Abin da ya kawo ni shi ne maganar yaranmu da suke gama makarantar sakandare kowace shekara. Ƙasashe da yawa suna ba da guraben karatu kyauta, amma ba safai ake jin ɗan ƙauyukanmu ya samu ba. Ba don yaranmu sun kasa na birni kaifin hankali ba ne. Dalilin shi ne ba a shirya su da wuri. Gurbin karatun waje tun a aji ake fara nemansa, kuma aikin mutum uku ne: malamin makaranta, da hakimi, da magatakardansa.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne a gare mu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa yake nan Wurno, ya karɓi Baturen nan Kilabatan a Sakkwato cikin 1824. Ya yi ta yi masa tambayoyi a kan Ingila da al'amuran duniya, har ya sa aka zana masa taswirar ƙasashen nan. Sir Ahmadu Bello kuwa ɗan Rabah ne. Ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934. Cikin 1948 ya tafi Ingila ya ƙaro sani a kan mulkin ƙananan hukumomi, ya komo, a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Watau mutum guda ya yi malanta, ya yi hakimci, ya fita waje, ya dawo da abin da ya samo.

To, aiki na farko na malamin makaranta ne, shi ne buɗe idon yaro. Ba lalle sai da tsadaddun littattafai ba. Malam ya ɗauki taswira ya fara da gulbin Rima. Ya nuna wa yara yadda gulbin Maraɗi yake ratsa Jamhuriyar Nijar kafin ya shigo Rima, da yadda ruwan yake taruwa a madatsar Goronyo, ya wuce Wurno da Sakkwato, ya faɗa Kwara, ya isa teku. Ya tambaye su inda motocin albasa da tafarnuwa suke zuwa in sun bar kasuwanninmu. Ya tuna musu ambaliyar 2010 da ta cinye gonaki da gidaje, sa'an nan ya gaya musu akwai ƙasashe irin su Holan da Masar da suka daɗe suna koyon sarrafa ruwa. Yaron da ya gane ƙauyensu yana haɗe da sauran duniya, shi ne zai san abin da zai je nema.

Ban da wannan, malam ya matsa wa yara a kan Ingilishi da Larabci da lissafi, ya koya musu rubuta wasiƙar bayyana kai, gama kowace hukumar ba da gurbi sai ta nemi yaro ya faɗi ko shi wane ne da abin da yake nufin yi. 'Yan mata kuma kada a bar su a baya, don asibitocinmu suna bukatar likitoci mata.

Aiki na biyu shi ne sanin ƙofofin. Ba duka iri ɗaya ba ne. Jami'ar Azhar ta Masar, da Jami'ar Musulunci ta Madina wadda aka kafa a 1961, suna ɗaukar wanda ya gama sakandare in Larabcinsa ya nuna. Gurbin Kwamanwel da aka soma a 1959, da na Chevening da Gwamnatin Ingila ta soma a 1983, yawanci na wanda ya riga ya sami digirin farko ne. Saboda haka hanyar Ingila takan bi ta gida tukuna, ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wata irinta. Malam ya gaya wa yaro gaskiyar wannan, kada ya zauna shekara uku a gida yana jiran jirgi. Yau ta intanet ake cika takardun nema, kuma kowane yana da ranar rufewa. Shugaban makaranta ya rubuta ranakun nan ya manna a allo.

Aiki na uku naku ne, ranku ya daɗe, watau gyaran takardu. Za a nemi takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da sakamakon jarrabawar WAEC ko NECO, da fasfo. Sau da yawa sai a ga yaro Mamman ne a takarda guda, Muhammadu a wata, a ta uku an ƙara masa Gandi, shekarun haihuwa kuma sun saɓa. Mu a nan mun san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da yake Alkahira ko Landan bai sani ba, ajiye takardar zai yi. Don haka magatakarda kada ya rubuta wa yaro shaida sai ya gwada ta da rajistar makaranta, harafi da harafi.

Akwai kuma gargaɗi biyu. Na ɗaya, gurbin kyauta ba a sayensa. Duk wanda ya zo ƙauye ya ce uba ya sayar da shanu ko gona a samar wa ɗansa gurbi, dagaci ya kai maganarsa gaban hakimi tun kuɗi bai fita ba. Na biyu, duniya tana juyawa. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun sa an kwaso ɗaliban Nijeriya ba shiri. Ya kamata kowane hakimi ya ajiye littafi mai sunan duk ɗan ƙasarsa da yake karatu a waje, da garin da yake, da makarantarsa.

A ƙarshe, yaron da zai tafi a kira shi fada a yi masa nasiha gaban iyayensa. In ya zo hutu a kai shi tsohuwar makarantarsa ya ba ƙannensa labari. Icen da ya yi nisa da saiwarsa ba ya 'ya'ya, mu kuwa 'ya'yan muke jira.

Allah ya ja zamaninku, ya shiryi zuriyarmu. Wassalam.