Ba Nama? Ga Wake!

Nama ya yi tsada, mun sani, amma kada yaro ya kwana da tuwo da miyar kuka zalla. Wake, gyaɗa da waken soya duk suna gina jiki. Ku jiƙa wake tun da hantsi, da yamma ku dafa ya yi laushi tiɓis, ku sa manja da zogale. Awara kuwa, a yayyanka ta cikin miya. Jinjiri in ya kai wata 6, a dama masa kunun gyaɗa, nono kuma kada a fasa.

Sai dai ku kula da turmi. Wanda aka daka dutsen zinari a ciki, kada ya taɓa abinci. Gubar dalma ta kashe yara da yawa a Anka da Bukkuyum a 2010.